Lissafin Ɗan Canji

Ni ne Sallau, ɗan canji a bakin kasuwar Balogun.
Ba ni da katin jam'iyya,
ba ni da hula mai hoton kowa.
Amma duk shekarar da za a fid da gwani
ni ke fara jin ƙanshin tuwon tun ba a kwashe ba.

Tun Laraba daliget suka cika otal-otal na Ikeja,
riga fal sitaci, waya biyu a hannu guda.
A takarda masu neman kujerar su bakwai ne.
A bakin kasuwa mun san biyu ne,
biyar ɗin sun zo ne talabijin ta ga fuskarsu.
Ɗaya tsoho ne mai dogara sanda,
ya san ƙofar bayan kowane babban gida.
Ɗaya yaro ne mai gilashi,
yana jero alƙaluma kamar mai karanta rasit.

Daren Juma'a ruwa ya tsuge,
kwata ta tumbatsa har gindin teburina.
Sai ga Barau, daliget daga garinmu,
wanda na baro bara ana binsa bashin taki.
Ya duƙa, ya zaro ambulan biyu daga cikin safa.
"Wannan ta tsohon, wannan ta yaron.
Ƙirga min, Sallau, wacce ta fi nauyi?"

Na lashi yatsa.
Dalar tsohon sabuwa fil, tana ƙara kamar busasshen ganye.
Ta yaron ta sha hannu,
kuma ta gaza da ɗari uku.

Barau ya daɗe yana kallon danfo
suna kutsawa cikin ruwa da fitila ɗaya.
"Wallahi yaron ya fi gaskiya," in ji shi.
Ya maida ambulan biyun cikin safa,
ya nemi in ranta masa laima.

Da hantsi rediyon mai shayi ya faɗa:
tsohon ya lashe.
Yaron ya rungume shi gaban 'yan jarida
da murmushin mai ciwon haƙori.
Kafin la'asar an ce mutanensa
suna tambayar kuɗin haya a wata jam'iyya.

Yanzu masu ganga na cewa an gama,
saura rantsuwa kawai.
Ni dai sana'ata ƙirga ce, bari in ƙirga.
Daliget dubu biyu suna shiga zaure ɗaya,
a rufe ƙofa, a san sunan kowa.
To wane zaure zai ɗauki Oshodi da ƙarfe bakwai na safe?
Wa ke da ambulan da za ta ishi Mushin,
ta ragu a kai Ajegunle,
ta haye gada ta kama hanyar Arewa?
Wanda ya sayi rijiya
kada ya ɗauka ya sayi teku.

A makon nan dala ta ƙara tsalle,
na ci riba, ba zan ɓoye ba.
Amma da na je cin amala wurin Iya Mulika
na tarar naman ya koma kamar ƙwayar dabino.
Na yi mita. Ba ta tanka ba.
Ta kwance bakin zane za ta ba ni canji,
sai na hango katin zaɓenta
a naɗe tsakanin tsofaffin ɗari biyu-biyu.

Na ce, "Iya, wa za ki yi?"
Ta ɗaure zanen tamau, ƙulli biyu,
ta miƙo min canjina.
"Malam," ta ce, "miyarka tana hucewa."

Na dawo teburina, na buɗe littafi.
Na san farashin dala, na san na fam,
na san na Barau har da safarsa.
Wancan ƙullin ne
har yau ban san nawa zan rubuta ba.